Yamai Ta Fi Jidda Nisa

Wata Laraba bayan sallar asuba waya ta shigo mini daga Yamai. Ɗan goggona ne, muryarsa can ƙasa, ya ce Allah ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa cikin dare, kuma za a yi jana'iza bayan la'asar. Ƙanwar mahaifina ce, aure ya kai ta Nijar tun ban san kaina ba, amma duk babbar salla sai saƙonta na kilishi ya iso gidanmu. Na dubi agogo, shida saura kwata. Sa'o'i goma ke tsakanina da sallar gawar, sai na ga ai lokaci ne mai yawa ga wanda ke zaune a birnin da ke da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa.

Da ƙarfe takwas ina gaban wani mai sayar da tikitin jirgi. Ya daɗe yana danna kwamfuta, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, in dai Yamai ta Nijar kake nufi, sai ka tashi zuwa Legas yau da rana, ka kwana, gobe ka kama na Lome, daga can ka wuce. In ba haka ba, sai ka bi ta Adis Ababa." Da ya ga yadda fuskata ta sauya, sai ya ƙara da cewa, "Da Jidda ka ce, da yau da dare na sa ka a jirgi, ka yi sallar asuba a can." Washegari na hau mota. Sadakar uku na samu.

Tun daga ranar nake juya maganar mutumin nan a raina, domin gaskiya ya faɗa, ko da yake da wasa ya yi ta. Ga mutumin Kano, Jidda da ke hayin Bahar Maliya ta fi Yamai kusa. Ra'ayina shi ne, nisan da ke tsakanin filayen jirgi biyu, irin nisan da fasinja ke ji a jikinsa da aljihunsa, hukumomi da kamfanoni ne ke yanka shi, kuma kilomita ƙaramin rabo take da shi a ciki. Abin da mutane suka yanka kuwa, mutane na iya sake yanka shi. Amma kafin mu kai ga wannan, sai mun fara sanin yadda ake auna nisan tukuna.

Nisan da zare ke aunawa

Ka sami taswirar duniya irin mai siffar ƙwallo da ake ajiyewa a ofishin shugaban makaranta, ka ɗora bakin zare a kan Kano, ka ja ɗaya bakin zuwa garin da kake so, ka ɗame shi sosai. Layin da zaren ya kwanta a kai shi ne hanya mafi gajarta a bayan ƙasa, kuma tsawonsa ne shafukan intanet ke ba ka idan ka tambayi nisan da ke tsakanin filayen jirgi biyu. A taswirar takarda wannan layi yakan fito a lanƙwashe, musamman a doguwar tafiya, saboda takarda shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa a mulmule take. Shi ya sa jirgin da ya tashi daga Landan zuwa yammacin Amurka yakan bi ta saman Girinlan, abin da ke ba mai kallon allon kujerarsa mamaki. Matuƙa jirgi da mil ɗin teku suke lissafi, wanda kowane ɗaya yake daidai da mita 1,852, amma mu tsaya a kan kilomita da muka saba da ita.

Da wannan ma'auni, daga Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano zuwa na Diori Hamani da ke Yamai kimanin kilomita 700 ne. Daga Kano zuwa Legas ya ɗan haura 830. Daga Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kuwa kusan 3,400 ne. Wato Yamai ta fi Legas kusa da Kano, kuma sai ka jera nisan Yamai kusan sau biyar kafin ka kai Jidda.

Yanzu mu auna hanyoyin da mai tikiti ya ba ni. Kano zuwa Legas 830, Legas zuwa Lome kimanin 230, Lome zuwa Yamai kimanin 820. Jimla ta doshi kilomita 1,900, kusan ninki uku na ainihin nisan. Ta Adis Ababa kuwa abin ya zama almara: sama da 3,300 zuwa gabas, sannan kimanin 4,000 a dawo yamma, jimla fiye da 7,300. Fasinjan zai ratsa faɗin Afirka sau biyu, ya sake wucewa ta kusa da inda ya baro, don ya isa garin da jirgi zai kai shi cikin lokacin da bai kai na wasan ƙwallon ƙafa ɗaya ba.

Mintocin da ke kan tikiti

Mutane da yawa sukan raba nisa da gudun jirgi su ce sun sami lokacin tafiya. Jirgin fasinja na zamani yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a sa'a idan ya daidaita a can sama, don haka a lissafin ɗan makaranta Kano zuwa Yamai minti 50 ce. Sai dai lokacin da ake rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda aka yi lodi, ya ƙare sa'ar da ya tsaya cak a ɗaya filin. A ciki akwai tafiyar hawainiya zuwa bakin titin tashi, da jiran izini daga hasumiya, da hawa sama wanda ba a yi da cikakken gudu, da saukowa sannu a hankali. Waɗannan sukan ci kusan rabin sa'a ko tafiyar gajera ce ko doguwa. Saboda haka tafiyar kilomita 700 takan kasance sa'a ɗaya da 'yan mintoci a babban jirgi. A ƙaramin jirgi mai farfela irin ATR 72, wanda ke ɗaukar mutum kusan 70 yana gudun kilomita 500 a sa'a, ba za ta kai sa'a biyu ba.

Iska ma tana da nata rabon. A can sama, musamman a sassan duniya masu sanyi, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa zuwa Amurka daga Turai ya fi dawowa daɗewa. A yankinmu tasirinta bai kai haka ba. Abin da ya fi damun mu shi ne hazon hunturu, wanda kan rufe Kano har jirgi ya kasa sauka ko a ɗage tashinsa. Sai kuma bambancin agogo da ke rikita mutane. Saudiyya tana gaban Najeriya da sa'a biyu, don haka wanda ya tashi daga Kano ƙarfe goma na dare ya sauka Jidda ƙarfe biyar na asuba sa'a biyar ya yi a sama, ko da yake tikiti zai sa ya zaci bakwai ce. Tsakanin Kano da Yamai ko wannan rikicin babu, agogonmu ɗaya ne.

Duk wannan lissafin injiniyoyi ne, kuma ba shi ne ya hana ni sallar gawar goggona ba. Lokacin da ya shafi matafiyi shi ne wanda ke farawa daga ƙofar gidansa ya ƙare a ƙofar gidan da za shi. Mafi girman kaso a cikinsa sau da yawa zaman jira ne: jiran ranar da jirgi ke tashi, da jiran jirgi na biyu a garin da ba ka da kowa. A tafiyar da aka tsara mini ta Legas da Lome, zaman cikin jirgi duka bai wuce sa'a huɗu ba, amma tafiyar ta fi ƙarfin yini guda da kwana. Mota ma, wadda ke bi ta Katsina da Jibiya da Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar sama da kilomita 900, tana iya riga jirgin isa.

Sama tana da masu ita

Wanda ya ɗaga kai ya ga sararin sama fetal zai zaci hanya ce a buɗe ga kowa. Tun shekarar 1944, lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar Cikago wadda ta haifi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, aka tabbatar da cewa kowace ƙasa ita ke da cikakken iko da samaniyar da ke bisa ƙasarta. Jirgin fasinja ba ya ɗaukar mutane daga wata ƙasa zuwa wata sai gwamnatocin biyu sun amince, kuma bisa al'ada yarjejeniyarsu ce ke faɗin garuruwan da za a sauka da yawan sawun da za a yi a mako.

Shekarar 2023 ta koya mana wannan darasi har sau biyu. A watan Afrilu yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe samaniyarta. Zaren da muka ja daga Kano zuwa Jidda ta saman Chadi da Sudan ya bi, don haka dole jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowace kujera. Makka ba ta matsa ko taku ɗaya ba, amma ta ƙara nisa.

Bayan wata uku, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ranar 30 ga watan ƙungiyar ECOWAS ta sanya takunkumi, ciki har da rufe iyakoki da hana jiragen kasuwanci shiga Nijar ko fitowa daga cikinta. Ranar 6 ga Agusta su ma sojojin suka rufe samaniyar ƙasarsu, ba su buɗe ba sai 4 ga Satumba. A tsawon wannan wata, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Sahara, waɗanda ba su da hannu a rikicin, sun riƙa zagaye mai nisa. Takunkumin ECOWAS kuwa sai 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage shi. Tsawon waɗannan watanni, nisan Kano da Yamai ya wuce abin da ake aunawa da sa'o'i.

Akwai wani abu da ya fi ba ni takaici a nan. An rarraba samaniyar duniya zuwa yankuna, kowane yanki da cibiyar da ke lura da jiragen da ke ratsa shi. Yankin da ya rufe Najeriya sunan Kano yake ɗauke da shi, kuma hukumar NAMA ke tafiyar da shi. Maƙwabcinsa ta arewa maso yamma sunan Yamai yake ɗauke da shi, a ƙarƙashin hukumar ASECNA ta ƙasashen da akasarinsu ke amfani da Faransanci. Kullum dare jiragen da suka taso daga Legas da Abuja zuwa Turai sukan fita daga hannun jami'an wannan yanki su shiga hannun na wancan. Sunayen biranen biyu suna maƙwabtaka a taswirar kowane matuƙi, jami'ansu suna miƙa wa juna jiragen wasu, amma ɗan Kano da ke son zuwa Yamai sai ya nemi hanya ta bakin teku.

Yadda aka yi Kano ta koma gefe

Da ba haka abin yake ba. A Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a watan Nuwamban 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Birtaniya suka iso daga Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Shekaru da dama bayan haka, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sai sun yada zango a Kano sun sha mai, domin ba su iya yin tafiyar a numfashi ɗaya. Garin da ya kasance matattarar ayarin raƙuma ya zama matattarar jirage, kuma dalilin bai sauya ba: wurin da Allah ya ajiye shi a bakin Sahara.

Da aka ƙera jiragen da ke iya dogon zango ba tare da tsayawa ba, sai wannan matsayi ya fara zubewa. Kamfanin KLM, wanda ya daɗe yana sauka a Kano, ya janye a 2012. Kafin nan manyan kamfanonin yankin biyu sun riga sun durƙushe: Air Afrique, wanda ƙasashe rainon Faransa ciki har da Nijar suka kafa a 1961, ya rushe a 2002, Nigeria Airways kuma ya daina tashi a 2003. Waɗanda suka cike gurbin sun gina harkarsu ne a kan tsarin matattara, wato a kwaso fasinjoji daga garuruwa da yawa a tara su a gari ɗaya, sannan a sake rarraba su. ASKY, wanda ya fara aiki a 2010, Lome ce matattararsa. Kamfanin jiragen Habasha kuwa Adis Ababa. Ta fuskar kasuwanci wannan dabara ce mai kyau, kuma ba don su ba da biranen Afirka da yawa ba su da mahaɗa ko ta zagaye. Illarta ita ce, garuruwa biyu da ke maƙwabtaka a cikin Sahel ba sa haɗuwa sai a gari na uku da ke nesa da su duka.

Gwamnatocinmu sun san da matsalar, har sun sa hannu a kan maganinta. A 1999 ministocin Afirka suka amince da Ƙudurin Yamusukuro na buɗe samaniyar nahiyar ga kamfanonin nahiyar. A watan Janairun 2018 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da kasuwar bai-ɗaya ta sufurin jiragen sama a Adis Ababa da ƙasashe 23, kuma Najeriya da Nijar duk suna cikinsu. Jigon wannan tsari shi ne abin da masana harkar ke kira 'yanci na biyar: kamfanin wata ƙasa ya sami damar ɗaukar fasinja tsakanin wasu ƙasashe biyu da ba nasa ba, a kan hanyarsa ta zuwa gida ko fitowa daga gida. A takarda an gama magana. A aikace kuwa ƙasashe da yawa suna jan ƙafa, kowace tana tsoron kada baƙo ya cinye kasuwar kamfanin gida, ko da kamfanin gidan ba ya bin hanyar da ake hana baƙon.

Sai kuma haraji. Wanda ya taɓa duba bayanin kuɗin tikitin ƙetare a Afirka ta Yamma ya san cewa kaso mai tsoka na abin da ya biya haraji ne da kuɗaɗen filin jirgi. Waɗannan kuɗaɗe ba ruwansu da tsawon tafiya, don haka sun fi yi wa gajeriyar tafiya nauyi. Abin da mai zuwa Landan ba zai ji ba, shi ne zai sa tikitin kilomita 700 ya gagari ɗan kasuwar Kantin Kwari. A watan Disamban 2024 shugabannin ECOWAS sun amince a soke wasu harajin tikiti, a kuma rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin ɗari daga farkon 2026. Mataki ne mai kyau, sai dai Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, don haka hanyar da muke magana a kanta ta faɗa a wajen shingen.

Abin da za a ce da ni

Na san za a ce ai babu fasinja, da akwai riba da 'yan kasuwa sun daɗe da sa jirgi. Wannan magana tana da nauyi, domin jirgi ba ya tashi da zumunci, da mai yake tashi, kuma an sha buɗe hanyoyi a yankin nan a rufe bayan 'yan watanni saboda kujeru sun tafi wayam. Amma yadda ake ƙirga fasinjan yana da gyara. Kamfani yakan duba yawan tikitin da aka saya tsakanin garuruwa biyu ne ya yanke hukunci. Wa zai sayi tikitin kwana biyu a kan kuɗin da ya kusa kai shi Umara? Mutanen suna nan, a tashar mota suke. Ga 'yan kasuwar da ke safara tsakanin Kano da Maraɗi da Yamai, ga ɗalibai, ga masu neman magani, ga ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, ga dubban gidajen da aure ya haɗa. Rashin jirgi ya kore su zuwa mota, sannan aka ɗauki rashinsu a filin jirgi hujjar cewa ba a bukatar jirgi.

Za a kuma ce jirgin sama abin masu hali ne, talaka hanya mai kyau yake so da jirgin ƙasa. Na yarda, kuma da za a ce in zaɓi ɗaya, layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zan zaɓa, domin shi zai ɗauki buhun gero da mai buhun gaba ɗaya. Sai dai ba a sa mu zaɓi ba. Layin dogo yana cin makudan kuɗi da shekaru, kuma ko an gama shi a Maraɗi zai tsaya, saura fiye da kilomita 600 a kai Yamai. Hanyar jirgin sama kuwa ba ta bukatar a fasa dutse ko a biya diyyar gona. Filayen biyu suna nan a gine, da jami'an shige da fice da na kwastan a cikinsu. Abin da ya rage izini ne da sassaucin haraji. Ga kuma batun tsaro, wanda duk mai bin hanyar Jibiya a shekarun nan ya san da shi. Wanda ke da larurar gaggawa bai kamata a ce ba shi da zaɓi sai hanyar da iyalinsa za su kwana suna addu'a ba.

Na uku, za a ce dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami, yanzu ba lokacin wannan magana ba ne. Ni kuwa ina ganin tsamin ne ma ya sa maganar ta zama wajibi. Gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, amma Katsina da Maraɗi tarihi ɗaya ne ya haife su, kuma ba a taɓa yin takunkumin da ya raba goggo da ɗan wanta ba. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai hedikwata a Yamai, wadda aka kafa domin irin waɗannan al'amura. Yarjejeniyar jiragen sama tsakanin ƙasa da ƙasa ba ta bukatar ECOWAS. Najeriya tana da irinta da ƙasashen da ba ta haɗa ƙungiya ko iyaka da su ba.

Abin da nake ganin ya kamata

Mu koma ga zarenmu. Idan ka ja shi daga Kano zuwa gabas har Injamena, babban birnin Chadi, za ka sami kimanin kilomita 700, daidai da nisan Yamai ta yamma. Kano tana tsakiyar manyan biranen biyu kamar an auna da gangan. Wataƙila fasinjan Kano zuwa Yamai kaɗai ba zai cika jirgi ba, haka ma na Kano zuwa Injamena. Amma ƙaramin jirgi mai kujera 70 da zai taso daga Yamai ya sauka Kano, ya sauke ya ɗauka, ya wuce Injamena, sannan ya juyo, kasuwa uku yake ci a tafiya ɗaya. Idan aka daidaita lokacinsa da na jiragen da ke tashi daga Kano zuwa Jidda da Alƙahira, ya sami ta huɗu, domin mai Umara daga Yamai zai ga hanyar Kano ta fi masa. Irin wannan hanya ce 'yanci na biyar ya halatta, kuma ita ce jan ƙafar hukumomi ke hanawa.

Abu uku nake nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfin hukuma a cikinsu. Na farko, Najeriya da Nijar da Chadi su ba kowane kamfanin Afirka da ya cika sharuɗɗan lafiyar jirgi izinin bin wannan hanya da ɗaukar fasinja a kowane zango, ba tare da la'akari da tutar da ke jikin jirgin ba. Na biyu, a yi wa gajerun tafiye-tafiyen ƙetare, misali waɗanda ba su kai kilomita 1,000 ba, harajin da ya yi kusa da na cikin gida, maimakon a yi musu kuɗin goro da mai zuwa Turai. Na uku, gwamnatin Kano da 'yan kasuwarta su ɗauki nauyin wani adadi na kujeru a shekarar farko, har hanyar ta tsaya da ƙafarta. Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya. Amurka, uwar jari-hujja, tana tallafa wa jiragen da ke zuwa ƙananan garuruwanta tun 1978, Tarayyar Turai ma tana da irin wannan tsari ga tsibirai da yankunan da ke gefe. Jihohinmu sun saba kashe kuɗi wajen gina filayen jirgin da ba a cika sauka a cikinsu ba. Tallafa wa hanya a filin da yake a gine ya fi wannan araha nesa ba kusa ba.

Ba zan yaudari kaina ba. Ko da a ce akwai jirgi sau uku a mako, mai yiwuwa ranar Larabar nan ba ta cikin ranakunsa, kuma da na rasa jana'izar duk da haka. Amma da na sami zuwa dubiya lokacin da take kwance, tafiyar da na yi ta ɗagawa wata bayan wata saboda babu kwana huɗun da zan ware wa hanya, zuwa da dawowa. Irin wannan asara ba ta shiga littafin kowace hukuma: dubiyar da aka ɗage, cinikin da aka fasa, taron da aka aika uzuri.

Kakanninmu sun yi tafiyar Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, wasu watanni, wasu shekaru, wasu ma suka zauna a Sudan har yau jikokinsu na can. Wannan tafiya ce aka mayar sa'a biyar, domin hukumomi da kamfanoni sun ga tana da muhimmanci, sun zauna sun shirya mata izini da jirage da lokaci. Ina roƙon a yi wa tafiyar kilomita 700 kwatankwacin wannan zama. In an yi, mai tikitin nan zai iya duba kwamfutarsa ya ce da na bayana, "Malam, akwai na ƙarfe goma sha ɗaya, kafin azahar kana Yamai."